Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Babura: Kada Bushewar Baki Ta Raba Ka da Maganinka

Kazaure, Jihar Jigawa
14 ga Disamba, 2025

Zuwa ga aminina, Alhaji,

Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin sauƙi, kai da Hajiya da yara da jikoki da duk mutanen gida. Yaya jiki? Yaya sanyi? Yaya aka ji da hidimar kaka? An ce mini riɗinka ya yi kyau bana, geron ma ba laifi. Allah Ya sa albarka, Ya ba da ikon fitar da haƙƙinSa.

Mu nan Kazaure lafiya lau, sai godiyar Allah. Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Da safe hazo kan lulluɓe duwatsun gari har sai hantsi ya dubi ludayi, masu lambu kuma sun duƙufa a bakin dam ɗin Ayuba, kowa na fama da tumatir da albasa. Hirar majalisarmu ba ta wuce layin dogon nan da zai taso daga Kano ya ratsa ta nan, ya bi Daura da Katsina har Maraɗi. Tun 2021 aka aza harsashinsa, tsofaffi kuwa kowa addu'arsa Allah Ya nuna masa ranar da zai hau. Ni ma tawa addu'ar ke nan, kuma ina so mu hau tare da kai. Shi ya sa na zauna rubuta maka wannan doguwar takarda.

Babban ɗanka ya biyo ta nan a kan hanyarsa ta dawowa daga Kano, ya tsaya ya gaishe ni. Allah Ya yi masa albarka. Da na tambaye shi jikinka sai ya sunkuyar da kai, daga baya ya buɗe baki. Ya ce da dare bakinka kan bushe ƙamas, harshe ya manne wa ganɗa, maƙogwaro ya riƙa kartar ka, ka tashi ka sha ruwa, ka fita fitsari, ka dawo ka kwanta, can kuma a sake, har a kira assalatu ba ka yi barcin kirki ba. Ya ce saboda haka ka fara tsallake magani, har ka ce in wannan kwalin ya ƙare kada a ƙara saye. Don Allah kada ka yi masa faɗa. Tsoron rasa uba ne ya sa shi magana, kuma ya kawo ta inda ya dace. Na so in kira ka a waya, sai na ga maganar waya iska ke kwashe ta, takarda kuwa za ka ajiye, ka sake dubawa, ka nuna wa Hajiya, har ka riƙe ta a hannu ranar ganin likita.

Ka san shekarun da na yi ina aiki a ɗakunan shan magani na ƙasar Roni da Gwiwa kafin in yi ritaya. Wannan kukan naka na sha jin sa a bakin dattawa maza da mata. Saboda haka bari in fara da abin da ya fi komai muhimmanci. Bushewar bakin nan gaskiya ce, ba raki ba ne, kuma hasashenka daidai ne, maganin yana da hannu a ciki. Amma abu ne mai gyaruwa, dabarunsa suna da yawa, barin maganin zuciya kuwa ba ya cikinsu. Wanda ya bar maganin zuciya don gudun bushewar baki ya gudu daga gidan gara ne ya faɗa gidan zago.

Ka tuna halin da kake ciki bara kafin a kai ka Asibitin Malam Aminu Kano. Ƙafa ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga gida zuwa masallaci sai ka tsaya a hanya kana haki. Kwanciya ta gagara sai an jera maka matasan kai. Abin da ya faru shi ne, hawan jinin da ya daɗe yana aiki a ɓoye ya gajiyar da zuciyarka. Kai manomi ne, ka san injin ban ruwa: in ƙarfinsa ya ragu, ruwan da ya kamata ya wuce gaba sai ya kwanta a baya ya yi dausayi. To haka ruwa ya kwanta maka a ƙafa da ciki da huhu. Ƙaramar farar ƙwayar nan da kowa ke kira Lasix, wadda sunanta na asali furosemide, aikinta ta sa ƙoda ta fitar da gishiri da ruwan da suka yi wa jiki yawa ta hanyar fitsari. Ita ce ta saɓe maka kumburin, ita ta dawo maka da numfashi. Ɗayar da yaron ya nuna mini hoton kwalinta, spironolactone, ita ma tana fitar da ruwa a hankali, kuma tana kare naman zuciya. Sauran biyun, lisinopril da carvedilol, suna sassauta jijiyoyin jini su rage wa zuciya nauyin aiki. To in aka rage wa jiki ruwa sai ya fara tsimi, kuma yawu na cikin wuraren farko da yake tsuke hannu.

Yawun nan da ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, ni'ima ce babba. Mai lafiya kan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Daga manyan gurare shida yake fitowa, uku a kowane ɓari: gaban kunne, inda hangum ke kumbura wa yara, da ƙarƙashin muƙamuƙi, da ƙarƙashin harshe. Tauna da ɗanɗano da ƙamshin abinci su ke motsa shi, shi ya sa da rana ba ka cika jin damuwar ba. Da zarar mutum ya yi barci kuwa, ko lafiyarsa ƙalau, yawu kan ja baya har ya kusa tsayawa cak. Ka ga wanda magani ya riga ya rage masa, dare ya zo ya ƙara ragewa, me ya saura?

Sai kuma ga hunturu. Iskar da ke kaɗowa daga Sahara a watannin nan ba ta da laima ko kaɗan, ku kuwa a Babura da ke bakin iyakar Nijar ita ke fara yi muku sallama. Ƙura ta toshe hanci, mutum ya kwana da baki buɗe yana shaƙar busasshiyar iska, ɗan danshin da ya rage ya tafi. Sannan yaron ya ce kana shan Piriton kafin kwanciya saboda mura. Alhaji, wannan ƙwaya da 'yan'uwanta na mura da tari da ake saye a kemis, busar da majina ne aikinsu, kuma ba su bambance majina da yawu. Wasu magungunan muran ma suna tayar da hawan jini. Ka ga ashe taron dangi aka yi wa bakinka: maganin fitar da ruwa, da barci, da hunturu, da maganin mura. Bai kamata a ɗora wa maganin zuciya laifin shi kaɗai ba.

Yanzu ga inda nake ganin gizo ke saƙar. An ce da dare kake shan Lasix, bayan sallar isha'i, don kada fitsari ya dame ka a kasuwa ko ya riƙa karya maka alwala. Na fahimci dalilinka sarai, ba dattijon da zai so ya yi ta zarya bayan gida a gaban mutane. Sai dai wannan ƙwaya cikin awa ɗaya take fara aiki, ta kuma ɗauki wajen awa shida tana yi. In ka sha ta da ƙarfe tara na dare, daga nan har ƙarfe ukun dare jikinka na zubar da ruwa, daidai lokacin da yawu ya tsaya. Shi ya sa likitoci ke rubuta ta da safe, in sau biyu ce kuma ta biyun da rana, kafin la'asar. Duba katinka, na tabbata da safe aka rubuta. Ka mayar da ita bayan sallar asuba ko da karin kumallo, kafin azahar ta gama yawancin aikinta. Ranar kasuwa ko tafiya, ana iya jinkirta ta zuwa dawowa, muddin ba a kai yamma ba, amma ka ji wannan daga bakin likitanka tukuna. Mutane da yawa na gani da wannan gyaran kaɗai ya dawo musu da barcinsu.

Maganar ruwa kuma sai an yi hattara. Kowa ya ji ka ce baki na bushewa zai ce maka ka yawaita shan ruwa. Ga mai lafiya shawara ce mai kyau, ga mai raunin zuciya kuwa tana iya zama cuta. In ka kwankwaɗi moɗa bayan moɗa da dare, ruwan da magani ya wahala ya fitar ne kake mayarwa, ga kuma fitsari ya hana ka runtsawa. Wasu masu irin larurarka akan ƙayyade musu lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, kuma a cikin lissafin har da kunu da fura da shayi da romo. Wasu kuma ba a sa musu iyaka. Ka tambayi likita kai wanne ne naka. Abin da nake so ka riƙe shi ne, sau da yawa bakin ne ke neman jiƙawa, ba cikin ne ke neman cikawa ba. Ka ajiye ɗan kofi kusa da shimfiɗa. In ka farka, ka guntsa, ka kurkure irin na alwala, ka zubar, sannan ka yi kurɓi ɗaya ko biyu. In da ƙanƙara mai tsabta, ɗan gutsure a baki ya fi kofi guda kashe wannan ƙishin.

Ga wasu dabarun da ba sa cin kuɗi. Ka riƙe aswaki da yamma da kuma kafin kwanciya, taunarsa na tayar da yawu, ga tsabta, ga lada. Cingam marar suga shi ma yana yi, a sa yara su duba jikin takardar su tabbatar ba suga. Ka shafa man kaɗe ko basilin a leɓe don kada ya tsage. Kafin ka kwanta ka shaƙa ruwa ka face sosai, ko a sayo maka ruwan gishirin ɗigawa a hanci da ake sayarwa a kantin magani, don hanci ya buɗe baki ya rufu. A rataya jiƙaƙƙen zane a ɗaki ko a ajiye kwanon ruwa, iskar ɗakin ta ɗan yi laushi. Kaskon garwashi kuwa kada ya kwana a ɗaki rufe, yana ƙara busar da iska, hayaƙinsa da ba a gani kuma yana kisa. A manyan kantunan magani na Kano akan sami man shafawa a cikin baki da ruwan fesawa waɗanda aka yi musamman don masu wannan matsala, in yaron ya sake shiga birni ya tambaya. Amma ruwan kurkure bakin nan mai yaji da zafi, ka bar shi, ƙara bushewa yake yi. Alewa da tsamiya da lemon tsami su ma suna kawo yawu, sai dai kada ka kwana da su a baki.

Dalilin wannan gargaɗin haƙoranka ne. Yawu shi ke wanke ragowar abinci, shi ke kashe kaifin tsami, shi ke mayar wa haƙori sinadaran da ke ƙarfafa shi. In ya yi ƙaranci sai kogo ya fara cin haƙori daga gindi, dasashi ya yi ciwo, baki ya yi wari, wani lokaci farin abu kamar gudajin nono ya fito a harshe. In aka ƙara suga ko tsami a kan busasshen baki tsawon dare, ɓarnar na sauri. Saboda haka ka riƙa goge baki safe da dare da man goge baki mai fuloraid, in ka gama da dare ka tofar kawai, kada ka ɗauraye. In ka ga farin nan a harshe ko baki ya fashe, ka nuna a asibiti, maganinsa mai sauƙi ne.

Sai abincin dare, kuma a nan ina roƙon Hajiya ta saurara. Gishiri shi ne uban ƙishirwa, kuma shi ke riƙe ruwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye a dunƙulen magi, da yajin tsire, da kilishi, da taliyar leda, da burodi. Wanda ya ci tsire da yaji bayan isha'i ya riga ya gayyaci ƙishin dare. A ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta a miya, a janye hannu daga magi, cikin 'yan makonni harshe zai saba. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a wurin masu jego, suka kuma ambaci kunun kanwa cikin abubuwan da suke zargi. Daga baya binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye da abokan aikinsa a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, irin su rashin abinci mai gina jiki, amma dai ga mai ciwo irin naka rage kanwa alheri ne. Akwai kuma wani gishiri da ake tallatawa wai na masu hawan jini. Kada ka taɓa shi sai da izinin likita, domin fotashiyam ne a ciki, kuma magungunanka biyu, spironolactone da lisinopril, suna tara wannan sinadari a jini, yawansa kuwa na rikita bugun zuciya.

Na san kai da goro sai Allah, shayin dare ma ba ka wasa da shi. Ba zan ce ka bari ba, amma ka tsayar da su daga la'asar, domin suna kore barci, suna ƙara fitsari, suna barin baki a bushe. Zoɓo yana ɗan sauke jini, saboda haka in kana yawan shan sa ka sanar da likita, haka nan duk wani jiƙo ko sassaƙe da masoya ke kawowa. Maganin ciwon gwiwar nan kuma, diclofenac da ibuprofen da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda, suna riƙe gishiri da ruwa, suna wahalar da ƙoda, suna warware aikin Lasix. Ka nemi a rubuta maka wanda ya dace da kai.

Abu biyu nake so a duba, don kada mu ɗora wa magani laifin wani. Na farko suga. Ƙishirwa da yawan fitsarin dare da bushewar baki su ne sallamar ciwon suga, shi da hawan jini kuwa sukan zo tare. Awon ɗigon jini ne a ɗan yatsa, ana yi a Babban Asibitin Babura, ana yi a nan Kazaure. Na biyu minshari. Ka tambayi Hajiya ko kana minshari mai ƙarfi, ko numfashinka kan ɗauke cikin barci sannan ka zabura. In haka ne, larura ce mai zaman kanta, tana busar da baki, tana kuma wahalar da zuciya, lallai likita ya ji.

Akwai kuma alamomin da ba a jiran ranar asibiti a kansu. In kana jin jiri idan ka miƙe, fitsari ya ragu ya yi ja, jijiyoyin ƙafa na ɗaurewa, jiki ya saki, to mai yiwuwa ruwan da ake fitarwa ya wuce kima, musamman in an yi zawo ko amai, ko in zafin bazara ya shigo. A je a auna jini, a duba ƙoda da gishirin jiki, likita ya daidaita ƙwayar. In kuma kumburi ya dawo, haki ya ƙaru, ko sikeli ya nuna ka ƙara fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa. In leɓe ko harshe ko fuska suka kumbura farat ɗaya, a tafi asibiti nan take ko tsakar dare ne, domin lisinopril kan yi wa wasu haka, kuma an fi ganin sa a baƙar fata. Busasshen tari marar ƙarewa ma halin lisinopril ne, kuma akwai madadinsa.

Alhaji, ba don in tsorata ka ba, amma akwai wani dattijo a wani ƙauye ta wajen Roni da har yau in na tuna shi sai raina ya sosu. Ya sami sauƙi sosai, har ya koma gona. Sai bushewar baki da fitsarin dare suka ishe shi, ya ajiye magani bai gaya wa kowa ba, yana ganin ai ya warke. Ba a rufa wata biyu ba aka kawo shi a kwance, numfashi na neman gagara. Da ya faɗi damuwarsa tun farko, da gyaran lokaci kaɗai ya wadatar. Sauƙin da kake ji yanzu maganin ne ke riƙe da shi. Carvedilol ma musamman ba a yanke shi rana ɗaya, zuciya kan zabura ta yi gudun da ya fi na da.

Kuma ba kai kaɗai ba ne. Kusan mutum ɗaya cikin kowane manya uku a Nijeriya na da hawan jini, da yawa ba su ma sani ba. A 2012 an wallafa wani babban bincike kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da marasa lafiya daga Kano, kuma Farfesa Mahmoud Sani na Jami'ar Bayero na cikin waɗanda suka yi aikin. An samu matsakaicin shekarunsu 52 ne kacal, kuma hawan jini ne kan gaba a cikin dalilan. A 2019 kuma wani binciken da aka yi a ƙasashen Afirka shida, wanda Kano ke ciki, ya gwada haɗin magungunan hawan jini iri uku don a ga wanda ya fi karɓar jikinmu, aka ga haɗin da ke da amlodipine ya fi sauke jini. Na kawo maka wannan ne don ka san likitocin da ke duba ka sun san ciwon nan a jikin mutanenmu, kuma ƙwaya ba ɗaya ba ce a hannunsu. Suna iya ragewa, su canza lokaci, su musanya wata da wata. Wannan ya shafi Hajiya ma, tunda na ji Aldomet take sha, shi kuwa sananne ne wajen busar da baki da kawo kasala. In tana ji, ta faɗa. Amma canji hurumin wanda ya rubuta ne, ba nawa ba, ba na mai kemis ba, ba na abokan majalisa ba.

Ranar komawa asibiti, ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ka ajiye a gaban likita. Mu Hausawa muna da kawaici, likita ya ce yaya jiki, mu ce da sauƙi, alhali ba mu runtsa ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka ce masa: bakina na bushewa da dare, ina tashi fitsari sau kaza, da ƙarfe kaza nake shan wannan, na tsallake kwana kaza. Kada ka ji nauyin faɗin na ƙarshen, domin in bai sani ba zai zaci maganin ne ya gaza, ya ƙara maka wani a kai. Ka tafi da yaron ya rubuta abin da aka ce. In kuma tsadar magani na cikin abin da ke sa ka ja baya, wannan ma a faɗa, domin sau da yawa akwai irinsa mai rahusa, kuma ya kamata yaron ya bincika tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko za ka iya shiga.

Kada ka manta azumi ya ƙarato, a tsakiyar Fabrairun 2026 ake sa ran ganin wata. Tun yanzu ya kamata ka tayar da maganar, ba sai an kai daren farko ba. Wasu masu ciwon zuciya da jikinsu ya daidaita suna azumi lafiya bayan an gyara musu lokutan magani. Wasu kuma likita kan hana su, Allah kuwa Ya yi wa marar lafiya rangwame, malamanmu sun yi bayanin ramuwa da ciyarwa. Ka ji ta bakin likita, ka ji ta bakin malam, sannan ka yanke. Neman magani ba ya rage tawakkali, jikin nan kuma amana ce a hannunmu.

Abin da nake roƙonka a matsayin aminin ƙuruciya shi ne, gobe da safe ka koma kan maganinka yadda aka rubuta a kati, ka ajiye Piriton da maganin gwiwa, kuma cikin makon nan ka leƙa asibiti a auna ka a gaya musu kwanakin da ka tsallake, ba sai ranar da aka ba ka ta cika ba. In ka yi mako biyu a haka, ka aiko mini da labarin yadda dare ke wucewa. In Allah Ya yarda, bayan bikin 'yar ƙanena zan shigo Babura in kwana biyu, zan taho da na'urar awon jini in koya wa yaran yadda ake amfani da ita.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina yi mata sannu da ɗawainiya. Ka gai da Liman da mutanen majalisa, da duk wanda ya tambaye ni. Maiɗakina da yara suna gaishe ku, suna yi maka fatan sauƙi. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa ciwon ya zama kaffara, Ya bar zumunci.

Wassalam.

Naka har kullum,
Amininka na Kazaure